Man CBD: Abin Da Kalmomin Jikin Kwalba Ke Ɓoyewa

Ni ba likita ba ne, sana'ata nazarin harshe ce, kuma ita ce ta jefa ni cikin wannan batu. Kwanakin baya wani abokin aikina ya dawo daga taro a Ingila, ya nuna mini hoton kwalabe biyu na man CBD da ya gani a wani kanti, yana tunanin ko zai yi wa mahaifiyarsa maganin ciwon gwiwa. Ɗaya an rubuta mata "full spectrum", ɗayar kuma "isolate". Ya ce in fassara masa. Allah Ya so shi bai sayo ba.

CBD ɗaya ne daga cikin sinadarai sama da 100 'yan gida ɗaya da ke cikin tabar wiwi. Shi ba ya bugarwa. Mai sa maye shi ne THC. Kwalbar farko, wadda zan kira mai cikakken haɗi, tana ɗauke da CBD tare da duk abin da aka tatso daga tsiron: 'yan'uwansa, da sinadaran ƙamshi, da ɗan THC. Ta biyu kuwa tatacciya ce, an yi ta tacewa har CBD ya koma farin gari kusan zalla, sannan aka narkar da shi cikin wani mai, kamar na kwakwa.

Mai karatu zai lura sunayen ba su yi adalci ba. Kunne yana jin "cikakke" ya ɗauka shi ne na gari, ya ji "keɓaɓɓe" ya ɗauka an rage masa wani abu. Ɗan kasuwa ya san haka sarai. Hujjarsa ita ce wai sinadaran sun fi aiki idan suna tare, kamar sarki da fadawansa. Wannan kalami ya samo asali ne daga wani bincike na 1998 da Raphael Mechoulam da abokan aikinsa suka yi a Isra'ila, amma a kan sinadaran da jiki ke samarwa da kansa suka yi magana, daga baya aka aro shi aka liƙa wa tsiron. Gwaje-gwaje a kan mutane ba su tabbatar da shi ba. Abin lura kuma, maganin CBD da hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2018, wato Epidiolex, tatacce ne, kuma don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke farawa tun yarinta aka amince da shi. Babu batun gwiwa a ciki.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗan THC ɗin nan. Dokar noma ta Amurka ta 2018 ta halatta tsiron da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, kuma a kan wannan ƙofa kasuwar ta bunƙasa. A Nuwamban 2025 majalisarsu ta zartar da dokar da ta ƙayyade miligiram 0.4 a kowace kwalba, tare da wa'adin shekara guda kafin ta fara aiki, abin da ya fi shafar mai cikakken haɗi. Ko ba wannan ba, wanda ke shan sa kullum na iya faɗuwa gwajin fitsari na ƙwaya, domin na'ura ba ta karanta jikin kwalba. A nan gida kuwa dokar tabar wiwi ta 1966 ta haɗa tsiron da abin da aka sarrafa daga gare shi, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka ƙi amincewa da sassauta matsayin wiwi a ƙuri'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Disamban 2020. Da abokina ya sako kwalbar nan a jaka, jami'in NDLEA a filin jirgi ba zai tsaya sauraron fassarata ba.

Kada kuma a ɗauka tatacce ya tsira. A 2017 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken kayan CBD 84 da aka saya ta intanet: kashi 31 cikin 100 ne kawai adadin da aka rubuta ya dace da abin da ke ciki, kuma an sami THC a cikin 18. CBD ɗin kansa, ko wane iri ne, yana iya taɓa hanta, yana kuma sauya aikin wasu magunguna, ciki har da warfarin mai tsinka jini. A 2023 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta rage adadin da take ba baligi mai lafiya shawarar kada ya wuce a rana, daga miligiram 70 zuwa 10.

Na tambayi abokin nawa irin magungunan da Hajiya ke sha. Ya ƙirga guda huɗu, amma biyu kawai ya iya tuna sunansu.