RA'AYINMU: An San Mu Ranar Karɓar Haraji, A San Mu Ranar Rabon Tallafi



Idan ba a manta ba, a ranar 30 ga Maris 2020 ne Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar kulle a Legas da Abuja saboda annobar korona, Ogun ta biyo baya bayan 'yan kwanaki, kuma ba a fara sassautawa ba sai 4 ga Mayu. Mako biyar cur mai shayi bai hura wuta ba, mai gyaran takalmi bai zaga unguwa ba, alhali yawancin mutanenmu sai sun fita ake ɗora tukunya. Dama kulle ya tarar da mu a jigace, domin a ranar 1 ga Fabrairun wannan shekara aka ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, kuma a wannan ranar ce Gwamnatin Legas ta hana acaba a manyan sassan birnin.

Ba za mu ce gwamnati ta naɗe hannu ba. Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 50 don bai wa magidanta da ƙananan 'yan kasuwa rance. A watan Yuni aka fito da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3, wanda a cikinsa aka yi tanadin naira 30,000 ga masu sana'ar hannu da masu sufuri. An kuma ciwo bashin dala biliyan 3.4 daga Asusun Lamuni na Duniya, wanda aka gama biyan uwar kuɗinsa a 2025 daga baitulmalin da kowa ke zuba wa. Hukumomin haraji na tarayya da na jihohi sun ƙara wa'adin miƙa takardu, sun yafe wasu tarar jinkiri.

To, amma wa wannan sassauci ya amfana? Wanda ke da kamfani mai rajista da akanta da fayil a ofishin haraji. Mu namu harajin wani iri ne: tikitin kasuwa na kullum, kuɗin rumfa, kuɗin shara, kuɗin sauke kaya, kuɗin kowane kan dabba a kara da mayanka, ga kuma abin da direban tumatir da albasa ke ajiyewa a kowane shinge tun daga Arewa har Mile 12. Idan aka tara na shekara, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Sai dai yawancinsa ba ya ɗauke da sunan kowa, wani ma ko guntun takarda ba a bayarwa. Harajin da ba a rubuta ba kuwa, yaya za a yafe shi? Lokacin da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi an ce motocin abinci su wuce, amma a tambayi direbobinmu nawa wucewar ta ci musu.

Wajen tallafi ma haka abin yake. Ana neman lambar BVN da asusun banki da cike takarda ta intanet. Abincin da aka raba ya bi ta hannun shugabannin unguwa da 'yan siyasa, inda wasu mutanenmu suka ji ana cewa su nemi nasu a jiharsu ta asali, jihar da ita ma ba ta lissafa da su ba tunda ba sa gida. Suka tashi a tutar babu. Sai a watan Oktoba 2020, da aka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kalaba, kowa ya ga buhunan da aka jibge.

Wannan ba roƙo ba ne, haƙƙi ne. Tsarin Mulki na 1999 da ya ɗora mana biyan haraji a sashe na 24, shi ne ya ba mu damar zama ko'ina a sashe na 41, ya kuma hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali a sashe na 42. Kuma tun 1998 doka ta haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji.

Annoba ba ta sallama. Kwalarar da ta ɓarke a Legas a 2024 ta isa tuni. Don haka muna kira ga kowane maigida ya yi rajistar zama a jihar da yake, kamar ta LASRRA a Legas, ya sami katin ɗan ƙasa, ya buɗe asusu da sunansa, na matarsa ma haka, domin mata masu sana'a a cikin gida su ne aka fi tsallakewa. Duk kuɗin da aka biya a nemi rasiti a adana. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairu 2026 ta cire haraji a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, saboda haka kada tsoro ya hana mai ƙaramin ƙarfi bayar da sunansa.

Su kuma sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni, muna roƙonsu da su haɗa sunayen magidanta unguwa-unguwa, su kai wa shugabannin ƙananan hukumomi tun yanzu, su kuma nemi a rubuce cewa duk ranar da aka rufe kasuwa saboda cuta, za a dakatar da tikiti da kuɗin rumfa har sai an buɗe.