Wuta Ta Iso Gari, Saura Mai Ja Mata Waya

Ranar da aka kunna wutar lantarki a ƙaramin gari ranar buki ce. Hakimi ya kan fito, makaɗa su taru, yara su yi hira a gindin falwaya suna kallon fitilar da ba ta shan mai, ba ta da lagwani. Muna taya kowane gari da ya ga wannan rana murna. Amma akwai wata magana da ba a kan yi ranar bukin ba, ita ce mu ke so mu yi yau da malamanmu na ofis da na makaranta. Kamfani iyakarsa ya kawo waya bakin mita ya tsaya. Daga mita zuwa ɗakin uwargida kuwa, wannan tsakanin mai gida ne da wanda ya kirawo ya yi masa aiki.

Lantarki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1896 aka kunna shi a Ikko, aka gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, a 2013 kuma aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11, har da na Kano da Kaduna da Jos da Yola. Amma a ƙananan garuruwa da yawa wutar ta riga masu saninta zuwa. Wanda a ke kira mai gyaran wuta galibi saurayi ne da ya yi 'yan watanni yana riƙe wa wani oga tsani a birni, ya dawo gida da filaya da abin gwada wuta. Ba mu raina shi ba. In ba don shi ba da gidaje da yawa suna cikin duhu har yau, kuma shi a ke tasa da tsakar dare in waya ta yi wari. Sai dai an ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Abin da ya koya shi ne yadda zai sa ƙwai ya kama. Dalilin da ya sa a ke yin aikin yadda a ke yinsa, wannan ba wanda ya gaya masa.

A wani rangadi mun sauka gidan wani malamin makaranta, mutumin kirki mai tsabta, littattafansa jere a kan kanta. Da muka ɗaga kai sai muka ga waya ta ratso ta bakin kwanon rufi ba bututu, an yi mata haɗi uku cikin ɗaki ɗaya, kowane haɗi an naɗe shi da leda. Muka buɗe akwatin fis, ashe ya daɗe da ƙonewa, an ɗaure wurin da zaren waya mai kauri. Malam ya ce ai tun da aka yi haka wutarsa ba ta ƙara yankewa ba, yana ta yabon yaron da ya yi masa. To, wannan yabo shi ya tayar mana da hankali. Fis mai gadi ne. An yi shi siriri ne da gangan, don in wuta ta yi yawa ya narke, gida ya tsira. Wanda ya musanya shi da waya mai kauri ya sallami mai gadi ke nan, in ta ɓaci sai wayar cikin silin ta narke a maimakonsa.

Ga yadda abin ya ke. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Hitar ruwa mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, dutsen guga mai wat 1,000 ya ja 4 da 'yan kai. Duk wayar da wuta ke bi ta kan yi ɗumi, in kuwa aka ninka abin da ta ke ɗauka sau biyu, zafin ya ninku sau huɗu. Sabo da haka ne masu sani suka ware wayar fitilu mai kaurin 1.5, da ta soket mai 2.5, da ta murhun lantarki wadda ta fi su duka. Mai arahar aiki kuwa da siririyar zai zaga gida duka. Ga kuma wayar jabu a kasuwa, alminiyum ne aka shafa wa jan ƙarfe, a ido ba ka rarrabewa sai ka kankare ta da wuƙa ka ga fari.

Sai waya ta uku, watau wayar ƙasa, wadda a ke haɗawa da sandar jan ƙarfe a kafa a ƙasa. Ita aka fi bari, domin ko babu ita fitila za ta kama, fanka za ta juya. Amfaninta sai ranar da wuta ta zubo jikin firji ko injin ruwa. In tana nan, wutar ta bi ta ƙasa, fis ya yanke. In babu, ta jira wanda zai taɓa, galibi kuwa mace ce mai jiƙaƙƙen hannu, ko yaro ba takalmi cikin damina. Abin da ke tsai da zuciyar mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba. Akwai makunni mai yanke wuta da kansa da zarar kashi 30 cikin dubu na amfiya ya ɓace daga hanyarsa, ana sayar da shi a kantunan kayan wuta, amma gida nawa ne a ƙauye ke da shi?

Kada mu ɗora wa yaron laifin duka. Mai gida ne ke zuwa kasuwa da kansa ya zaɓo wayar da ta fi araha don kada a ci da shi, ya yi ta ciniki har ladan aikin ya koma kuɗin goro. In yaro ya ce a sayi sandar ƙasa, a ce yana neman abin cin tuwo. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai ta kan ci. Haka kuma mai gida ne ke barin dutsen guga a kunne sa'ad da aka ɗauke wuta, ya kulle ɗaki ya tafi, a kawo ta da ƙarfe biyu na dare. Wannan ba ruwan mai gyara.

Janareta ma yana da nasa. Wanda ya soka wayar janareta cikin soket ba tare da makunnin da ke raba gida da layin kamfani ba, wutarsa ta kan koma baya ta bi taransifoma, ta hau zuwa bolt 11,000 ko 33,000 a kan babban layi, alhali ma'aikacin da ke bisa falwaya ya sakankance layin a kashe ya ke. Wanda kuma ya shigar da shi zaure don tsoron ɓarayi, ya rufe ƙofa, ya sani cikin hayaƙin nan akwai iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ta kan kashe mutanen gida duka cikin barci.

Doka kam tana nan. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke ba masu aikin wayarin takardar shaida, ita ke da ikon duba aiki. Ma'aikatar Ƙwadago tana jarrabawar sana'a, daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Amma ofisoshin nan a manyan birane su ke, yaron ƙauye bai san ƙofarsu ba. A ganinmu hana shi aiki ba zai yi magani ba, don ba wanda zai maye gurbinsa. Gara a jawo shi a koya masa. Ƙaramar hukuma ta rubuta sunayen masu wannan sana'a a ƙasarta, ta shirya da makarantar koyon sana'a mafi kusa a yi musu kwas na 'yan makonni, ta biya wa masu himma kuɗin jarrabawa, sa'an nan ta manna sunayen waɗanda suka ci a ƙofar ofis da bakin kasuwa.

Ku malaman ofis, ta hannunku takardar biyan kuɗi ke wucewa in an yi wayarin asibitin gari ko aji ko rumfunan kasuwa. Kafin ta wuce ku nemi ganin takardar shaidar wanda ya yi aikin, ku je ku ga sandar ƙasa da idonku. Ku kuma malaman makaranta, darasi ɗaya ya isa yaro ya san abin da zai yi in wuta ta kama wani. Kada ya taɓa shi da hannu, ya ruga ya kashe babban makunni, in ya yi nisa ya ture wayar da busasshen itace yana tsaye a wuri busasshe. Gobarar lantarki ba a zuba mata ruwa sai an yanke wuta, rairayi a ke watsawa. Wanda ya suma ba a ɗura masa madara kamar yadda wasu ke yi, tana iya shaƙe shi. In ba ya numfashi a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota. Ko da ya farfaɗo ya ce lafiya ƙalau ya ke, lalle a kai shi asibiti a duba zuciyarsa a ranar.