Fatalwar Oiwa da Baran da Ya Rasa Ubangida

Duk lokacin da aka sake shirya wasan kabuki na Yotsuya Kaidan a Japan, hankalin 'yan kallo kan tafi ga fatalwar Oiwa, da fuskarta da guba ta lalata, da gashinta da ke zubewa tana tajewa. Masu sabon shiri na iya ƙawata wannan da fitilun zamani, amma in suka tsaya nan, sun yi wa wasan riƙon sakainar kashi.

Tsuruya Nanboku na Huɗu ne ya rubuta shi, aka fara nuna shi a Edo, wato Tokyo ta yau, a 1825. Mijin Oiwa, Iemon, samurai ne da gidan ubangidansa ya rushe, ya koma haɗa laima don neman na abinci. Da attajirin maƙwabcinsa ya yi masa tayin jikarsa da hanyar samun muƙami, sai ya juya wa matarsa mai jego baya.

Wanda ya taɓa ganin yadda wasu hadimai ke sauyawa ranar da maigidansu ya bar kujera zai gane Iemon. Shirin da ya sa mai kallo ya fi jin tsoronsa a kan fatalwar, shi ne ya yi wa marubucin adalci.