Ƙiba da Ciwon Suga: Wa Zai Biya Kuɗin Asibiti?



Makonni kaɗan da suka wuce, a zaman asusun taimakon juna da muke yi bayan la'asar, aka kawo maganar wani bawan Allah, ɗan kasuwa a nan Kilomita Biyar, wanda ciwon suga ya ci wa ƙafa har likita ya ce sai an yanke yatsu biyu. Iyalinsa sun roƙi asusu ya ɗauki rabin kuɗin aiki da na magani. Sai wani dattijo daga cikinmu, mutumin da ba a san shi da rowa ba, ya gyara zama ya ce: "Jama'a, shekara nawa ana yi wa Alhaji faɗa a kan cin nan nasa? Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Kuɗin nan na marayu ne da mata masu haihuwa." Wuri ya yi tsit. Aka tashi ba a yanke komai ba, kowa ya tafi gida da abin a ransa.

Mu fara da ba dattijon haƙƙinsa, domin bai faɗi ƙarya ba. Tun bayan shirin Bamako na 1987, wanda ƙasashen Afirka da dama suka bi, maras lafiya ke ɗaukar wani kaso na kuɗin jinyarsa a asibitin gwamnati. A 2019 hukumar ƙasarmu ta ayyana jinya kyauta ga mata masu ciki da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5, amma magidanci mai shekara 50 da suga ko hawan jini ba ya ciki. Shi zai sayi ƙwaya, shi zai biya awon jini, in kuma ta kai ga allurar insulin, sai ya nemi inda zai ajiye ta cikin sanyi, a garin da wutar da ake jawowa daga Bowali take zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Zazzaɓin sauro kwana uku ake shan maganinsa a huta. Ciwon suga kuwa in ya shigo gida ya shigo ke nan. Asusun da ya ɗauki mutum biyu ko uku irin wannan, kafin shekara ta zagayo sai a ga gindin tukunya.

To amma da muka koma gida muka nutsu, sai tambayar ta juyo kanmu. Wa ya koya wa Alhaji cewa tumbi shi ne shaidar arziki? Mu ne. In mutum ya dawo daga fatauci a Duwala ya yi ɓul-ɓul, cewa muke yi hutu ya karɓe shi. In ya rame, sai a shiga raɗe-raɗi: ko bashi ne, ko kuwa cutar nan ce da ba a son ambata. Amarya in ta shekara ba ta ciko ba, dangi su ce miji ba ya riƙe ta da kyau. Wannan ne ya sa wasu 'ya'yanmu mata suke sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe a hannun 'yan tebur. Cikinsu akwai masu buɗe ciki, akwai kuma irin su dexamethasone, wanda ke kumbura fuska, ya ɗaga suga, ya ɗaga jini. Kumburi ne ake saye da kuɗi ana kiransa lafiya.

Sai kuma shayi, wanda mu kanmu masu wannan rubutu ba mu tsira daga gare shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙara wa ci da sha kada ya wuce kimanin giram 50 a yini ga baligi, wato wajen ƙwaya 10 na sukarin kwali, in ya yi rabin haka ma ya fi. Kowa ya ƙirga abin da ake zuba wa buta tun daga na fari har zuwa na uku, safe da yamma, a bakin rumfa. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 33 tana ɗauke da wajen giram 35. Ita muke tarar baƙo da ita, in ya ƙi sha mu ce ya raina mu.

Akwai kuma abin da ba a hannun kowa yake ba. Daga Disamban 2013, shekaru muka yi unguwar nan tana kamar kurkuku: ba a fita gona, ba a zuwa tsakiyar gari da ƙafa, daga gida sai rumfa sai masallaci, ga fargaba dare da rana. Masana sun bi diddigin mutanen da suke ciki lokacin yunwar da aka yi a Holan a 1944 zuwa 1945, suka tarar cewa da suka girma sun fi waɗanda aka haifa kafin yunwar ko bayanta saurin yin ƙiba da matsalar suga. Ashe jikin da ya ɗanɗani yunwa tun yana ciki, ranar da ya samu wadata ba ya iya riƙe ta daidai. A ƙasa irin tamu wannan magana ce mai nauyi. Ga kuma gado: mutum biyu su ci kwano ɗaya shekara ashirin, ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira. Wane alƙali ne a cikinmu zai iya auna kason da ke na sakaci da wanda ke na ƙaddara? In muka buɗe wannan ƙofa, gobe za a ce kada a taimaki yaron da ya faɗi a babur domin bai sa hular kwano ba, jibi a ce mai tari ai taba yake sha.

Malamanmu na Malikiyya sun riga mu duba irin wannan matsala a babin zakka. Cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa akwai wanda bashi ya danne. Suka ce wanda ya ci bashin ta hanyar ɓarna ba a biya masa, sai fa idan ya tuba. Abin da suka duba shi ne inda mutum ya dosa yanzu. Mu ma a nan muka tsaya. A ganinmu a biya wa Alhaji, domin ƙafar da ta fara ruɓewa ba ta jiran a gama muhawara, kuma in ya kwanta, mata da yara goma sha ne za su dawo wuyan asusun nan dai. Amma a haɗa taimakon da alkawari a gaban shaidu biyu: zai riƙa zuwa awo, zai sha magani yadda aka rubuta, ba zai ajiye shi ya koma wa jiƙe-jiƙe da zarar ya ji sauƙi ba. Addinin da ya umarce mu da taimako shi ne ya hana almubazzaranci a ci da sha, ya kuma koya mana raba ciki kashi uku.

Wasu ƙasashe sun ɗora wani kason nauyin a kan mai sayarwa. Meziko ta sa haraji kan lemon kwalba a 2014, Ingila da Afirka ta Kudu a 2018, Najeriya kuma naira 10 kan kowace lita a 2022. A Ingila kamfanoni da dama sun rage sukarin lemonsu don su kauce wa harajin. Wannan aikin hukuma ne, ba namu ba, sai dai yana nuna cewa matsalar ta wuce kwaɗayin mutum ɗaya: a 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙibar da likitoci ke ɗauka cuta.

Namu aikin ya fi haka sauƙi. A samu zare a auna tsawon mutum, a ninka shi biyu, a zagaya ciki da shi tsakanin haƙarƙari da ƙugu. In bakin zaren bai haɗu ba, lokacin zuwa awo ya yi, ko da mutum yana jin garau, domin suga da hawan jini kan yi shekaru suna ɓarna a ɓoye. Mai rumfa a kasuwa ya taka zuwa Babban Masallaci da ƙafa maimakon ya tsayar da babur. Minti 30 na tafiya sau biyar a mako shi ne abin da likitoci ke nema. Uwargida kuma ta rage man ja da gishiri da dunƙulen miya sannu a hankali, yadda maigida ba zai farga ya yi ƙorafi ba.

Za mu kai shawara biyu zama mai zuwa, in Allah ya kai mu: a biya rabin kuɗin nan bisa sharaɗin da muka ambata, sannan a cire wani abu daga asusu a sayi na'urar awon jini da ta awon suga, a riƙa auna kowa kyauta ranar Juma'ar farko ta kowane wata, maza bayan an sauko, mata da hantsi. Dattijon da ya ta da maganar mun same shi a gida mun karanta masa wannan rubutu kafin a kai shi bugawa. Ya ce bai sauka daga ra'ayinsa ba tukuna, amma a rubuta sunansa na farko a jerin waɗanda za a auna.