Tallafin Ɗalibin Tauhidi Amana Ce Mai Sharaɗi

A ƙasar Amurka, inda makarantun tauhidi na Kirista suke horar da fastoci da masu wa'azi bayan digirinsu na farko, akwai wata ƙa'ida wadda ɗalibai da yawa suke kuka da tsananinta, alhali kuwa idan aka ɗora ta bisa mizanin adalci, za a tarar ita ce take tsare martabar ilmin da suka fita nema. Duk wanda yake karɓar rancen karatu na gwamnatin tarayya, wanda asalinsa yake komawa ga dokar ilmi mai zurfi ta 1965, wajibi ne makarantarsa ta duba, aƙalla sau ɗaya a shekara, ko karatunsa yana ci gaba, in ya gaza kuwa a dakatar da kuɗin.

Sharuɗɗan da ake auna shi da su uku ne: kada jimillar makinsa ta faɗi ƙasa da haddin da makaranta ta yanke; ya ci wani kaso na darussan da ya yi wa rajista, wanda makarantu da yawa suka tsayar a kan biyu cikin uku; kuma ya kammala cikin wa'adin da aka ɗibar masa. Darasin da ya janye daga gare shi a tsakiyar zango ana lissafa shi cikin waɗanda ya ɗauka bai ci ba, kuma a nan ne galibi ƙafa take zamewa. Bayan haka, sai ya sabunta takardar neman tallafi, wadda suke kira FAFSA, kowace shekara, kuma kada darussansa su kasa rabin na cikakken ɗalibi.

Uzurin da ɗalibin tauhidi yakan kawo ya bambanta da na sauran ɗalibai, domin shi ba wasa ne yake ɗauke masa hankali ba, hidima ce: yana riƙe da ƙaramar ikilisiya, yana wa'azin Lahadi, yana zuwa jana'iza da dubiyar marasa lafiya, ga iyali, har ya wayi gari darasin Helenanci ko Ibrananci ya kuɓuce masa, ya ajiye shi yana zaton aikin Allah zai zama hujjarsa. Ni dai ban ga wannan hujja ta tsaya ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. An ba shi kuɗin ne domin tahsilin ilmi, kuma jama'ar da yake gudun ya saɓa wa yau, su ne za su cutu gobe idan ya hau mumbari da ilmi rabi da rabi. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin wannan asali a babin waƙafi, inda sharaɗin wanda ya bayar da dukiya yake lazimtar wanda ya ci moriyarta.

Hasarar kuma ba ta tsaya ga lamiri kaɗai ba. Tun daga 1 ga Yuli 2012 rancen masu neman digiri na biyu yake tara ruwa daga ranar da aka ba ɗalibi kuɗin, kuma wanda ya bar makaranta kafin kashi 60 cikin ɗari na zango ya wuce, sai a mayar wa gwamnati wani ɓangare na kuɗin, bashin ya dawo wuyansa, ga shi aikin fasto ba aikin tara dukiya ba ne. 'Yan'uwanmu da suke zuwa can daga makarantun tauhidi na ƙasarmu irin ta garin Bukuru ba su da rabo a rancen gwamnati, sun dogara ne ga tallafin makaranta da na ikilisiyoyi, wanda shi ma yake da nasa sharuɗɗa, ga kuma bizar ɗalibi da take wajabta cikakken karatu.

Amma da yake adalci ba ya cika sai da rahama, makarantu ma suna da nasu haƙƙin. Doka ta ba su ikon yi wa ɗalibi zango guda na gargaɗi, da karɓar kokensa idan ciwo ko rasuwar ɗan'uwa ko wata lalura ce ta tauye shi, sa'an nan a shimfiɗa masa tsarin da zai farfaɗo. Makarantar da take karantar da jinƙai bai kamata ta bari ɗalibinta ya fara jin waɗannan hukunce-hukunce ranar da aka riƙe masa kuɗi ba. A bayyana masa su tun ranar shiga. Shi kuma kada ya ajiye darasi ko ɗaya sai ya tuntuɓi ofishin tallafi. Ikilisiyar da ta tura shi kuwa ta rage masa nauyin hidima har ya gama, tun da ita ce za ta fara cin amfanin abin da ya koyo.