Wa Ke Auna Sabuwar Dabara A Nijeriya?

Yaron da ya toshe kunnuwansa da abin sauraro a kasuwar Shagari ko Boɗinga, ya ji kalangu ta dama, mawaƙi ta hagu, yana cin gajiyar dabarar da wani Bature, Alan Blumlein, ya kai ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Ingila cikin 1931. Takardar mallaka kuwa ba ta fito ba sai 1933, bayan an bincike ta. Haka Turawa ke yi har yau ga dabarun dunƙule sauti da warware shi, yadda mai sauraro zai ji kamar daga bisa ko daga bayansa yake fitowa: sai gwani ya gwada su da na magabata tukuna.

Mu a nan fa ba haka ba ne. Dokar 1970 ta ɗora wa magatakarda duba cikar takardu da biyan kuɗi kurum, sa'an nan ya ba da mallakar shekara 20. Ko abin sabo ne, wannan sai kotu, in an kai ƙara. A ganinmu kamfani mai lauyoyi ke cin ribar wannan tsari, domin ɗalibinmu da ya ƙago wani abu ba shi da guzurin zuwa Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke takardar wani.