Ra'ayinmu: A Faɗa Wa Yaron Shago Gaskiya

Da azumi ya ƙarato, matasa kan bi shaguna daga Maraɗi har Jibiya suna neman aikin ɗan lokaci. Maigida kan tambayi wa zai tsaya musu, kuma ko sun iya lissafin naira da sefa. Su kuwa kunya kan hana su tambayar abin da ke ransu: bayan Sallah fa?

Ƴan kasuwa, ku amsa tun ba a tambaya ba. Rufe iyakar Najeriya daga 2019 zuwa 2020 ya nuna ciniki ba shi da tabbas, ba kowa ke iya riƙe yaro dindindin ba. To, a yanke lada da wa'adi gaban shaidu. In gurbi ya samu, a fara da wanda ya riƙe amana. Alkawari kaya ne.